Arlit da Akokan bayan rufe COMINAK: shin yawon buɗe ido zai iya maye gurbin ma'adini?

1. Gabatarwa

Ranar 31 ga watan Maris na shekara ta 2021, kamfanin COMINAK ya dakatar da haƙar ƙarfen uraniyom a ramin Akuta, bayan shekaru 43 yana aiki. Ma'aikata wajen 600 na kamfanin suka rasa aikinsu, tare da wasu ɗaruruwa da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila. Tun daga lokacin, tambaya guda ce ke yawo a bakin mutanen Akokan da na Arlit: da me gari zai rayu idan abin da ya haife shi ya ƙare? Cikin amsoshin da ake bayarwa akwai noman rani, akwai kiwo, akwai zinariya, akwai kuma yawon buɗe ido. Wannan takarda za ta duba amsa ta ƙarshe. Za mu fara da tarihin garuruwan biyu, sa'an nan mu ga yadda wasu garuruwan haƙar gawayi na Turai suka koma wuraren ziyara, kafin mu auna ko hanyar da suka bi tana biyuwa a Abzin.

2. Garin da kamfani ya gina

Yawancin garuruwan ƙasar nan rijiya ce ta kafa su, ko kasuwa, ko fadar wani sarki. Arlit ba haka ba ne. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa, suna neman jan ƙarfe a Azelik kusa da Tigiddan Tesum, suka ci karo da alamun uraniyom. Hukumar nukiliya ta Faransa (CEA) ta ɗauki binciken, ta bi gindin duwatsun Abzin ta yamma, har ta gano manyan jijiyoyin ƙarfen a wani fili mai tazarar kilomita 250 a arewacin Agadas. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka soma gina gari a 1969, ƙarfe na farko ya fito a 1971. SOMAÏR a fili take haƙa, wato tana yaye ƙasar sama har ta kai ga dutsen. COMINAK kuwa, wadda aka kafa a 1974 da jarin Nijar da Faransa da Japan da Spain, ta shiga ƙarƙashin ƙasa ne, zurfin mita 250, ta soma fitar da ƙarfe a 1978. Ita ta gina Akokan, ƴan kilomita kaɗan daga Arlit. Kafin a rufe ta, ta fitar da tan dubu 75 na uraniyom, ta kuma bar hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa da tsawonsu ya haura kilomita 200.

Ya kamata a lura da wani abu a nan, domin mutane da dama ba su san shi ba: uraniyom ɗin Nijar da gawayi ake sarrafa shi. Kamfanin SONICHAR, da aka kafa a 1975, yana haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren, a yankin Cirozerin, yana ƙona shi a tashar lantarki da ta soma aiki a 1981. Wutar da ke fitowa daga nan ita ke juya injunan ma'adinai, ita ke haskaka Arlit da Akokan da Agadas. Ke nan Cirozerin garin gawayi ne wanda babban mai sayen hajarsa shi ne ma'adinin uraniyom. Duk abin da ya sami Arlit, sai ya taɓa shi.

Ƙarshen shekarun 1970 su ne lokacin wadata. Farashin ƙarfen ya hau bayan rikicin man fetur na 1973, gwamnatin Seyni Kountché ta sami kuɗin da ba a taɓa gani ba, aka shimfiɗa gudron daga Tawa zuwa Arlit, wanda har yau ake kira hanyar uraniyom. A 1981 ƙasar ta fitar da sama da tan dubu huɗu. Mutane suka kwararo daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso, har daga Benin da Togo da Mali, shi ya sa Hausa ta zama harshen kasuwa da na unguwa a tsakiyar ƙasar Abzinawa. A cikin unguwannin kamfani akwai ruwan famfo da wuta kyauta, da asibiti, da kantin da ake kawo wa kaya daga Faransa, da wurin ninƙaya na manyan ma'aikata. Daga nan laƙabin «Paris ta biyu» ya samo asali. A wajen shingen kuwa akwai unguwannin da sunansu ya isa bayani: Bukkoki. A can leburori da makiyayan da farin 1973 da na 1984 suka raba da dabbobinsu suka zauna, cikin ɗakunan da aka haɗa da kwali da tsofaffin gangunan kamfani.

Wadatar ba ta daɗe ba. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, da na Cernobil a 1986, kasuwa ta faɗi, aka yi ta rage ma'aikata. Fim ɗin Idrissou Mora-Kpaï mai suna «Arlit, deuxième Paris», wanda ya fito a tsakiyar shekarun 2000, ya nuna garin a wannan hali: tsofaffin ma'aikata marasa lafiya, da baƙi masu jiran motar Aljeriya. Farashi ya sake tashi a 2007, ya sake faɗuwa bayan haɗarin Fukushima a 2011. Ƙidayar 2012 ta ba ƙaramar hukumar Arlit mutane kusan dubu 80. A lokacin, dukansu, kai tsaye ko a kaikaice, albashin kamfanoni biyu suke ci.

3. Yadda ramin gawayi ke zama wurin ziyara

Tunanin mai da tsohon ma'adini wurin buɗe ido daga Turai ya zo. A arewacin Faransa, ramin Delloye da ke Lewarde ya rufe a 1971, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1984, tun kafin a ciro gawayi na ƙarshe a yankin cikin Disamba 1990. A 2012 hukumar UNESCO ta sa yankin gaba ɗaya, da tsibin tarkacensa da gidajen leburorinsa, cikin jerin kayan tarihi na duniya. A Birtaniya, ramin Big Pit na Blaenavon ya rufe a 1980, ya koma gidan tarihi a 1983. Ana ba baƙo hular kwano da fitila, tsohon mahaƙi ya sauka da shi cikin ramin yana ba shi labari. A Jamus, ramin Zollverein na birnin Essen ya rufe a 1986, ya shiga jerin UNESCO a 2001.

Idan aka dubi waɗannan misalai da kyau, za a ga abubuwan da suka sa abin ya yiwu. Wuraren suna tsakiyar jama'a mai yawa, inda miliyoyin mutane ke iya zuwa da jirgin ƙasa su koma gida da yamma. Da yawa daga cikin baƙin ma ƴan makaranta ne da jikokin mahaƙan. Gwamnati ce ta zuba kuɗin gyara, shekara da shekaru. Sa'an nan an yanke shawarar adana gine-gine da injuna kafin a rushe su. Duk da haka, ko a can ɗin, gidan tarihi bai taɓa ɗaukar yawan mutanen da rami ke ɗauka ba. Abin da ya kawo shi ne ɗan ciniki, da kuma mutunci ga waɗanda suka yi aikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba albashi ba ne.

Akwai kuma misalai na uraniyom kansa. A Faransa, kamfanin Areva ya buɗe gidan tarihi mai suna Urêka a Bessines a 2013, a yankin da ya daɗe yana haƙa. A gabashin Jamus, bayan an rufe ma'adinan Wismut a 1990, gwamnatin tarayya ta kashe biliyoyin kuɗi wajen cike ramuka da rufe tarkace, har garin Ronneburg ya karɓi baje kolin lambuna na ƙasa a 2007, a kan filin da dā ma'adini ne. Misalin da ya fi kusa da mu, shi ne Munana a ƙasar Gabon, inda kamfanin COMUF ya rufe a 1999. Can babu gidan tarihi. Abin da aka gano daga baya shi ne an gina gidaje da dutsen ma'adini, sai da aka rushe wasu aka sake gina su. Tsakanin Ronneburg da Munana, bambancin ba na ƙasa ba ne, na wanda ya biya ne da kuma yawan abin da ya biya.

4. Abin da uraniyom ke bari a baya

A nan ne kwatanci da gawayi ke tsayawa. Tarkacen gawayi yana da ƙazanta, amma idan ciyawa ta rufe shi, yara na iya hawa su yi wasa. Tarkacen uraniyom yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, abin da ake kira «radioactivité» da Faransanci. Domin a fahimci matsalar, sai a san yadda ake aikin. A cikin tan guda na dutsen Arlit, uraniyom bai wuce ƴan kilo kaɗan ba. Ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, a tsame ƙarfen, a busar da shi ya zama garin nan rawaya da ake durawa a ganguna. Shekaru da dama manyan motoci ke kai gangunan Paraku, jirgin ƙasa ya kai su Kwatano, jirgin ruwa ya wuce da su Faransa. Sauran dutsen, wato kusan dukkansa, yana zama a wurin kamar taɓo. Uraniyom kaɗai aka cire. Ƴaƴansa, wato sinadaran da yake rikiɗa ya zama, suna nan cikin taɓon, kuma su ke ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na tururin. Akwai radiyom, wanda sai bayan shekara 1600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Akwai toriyom, shi kuma shekara dubu 75. Radiyom yana haifar da iskar radon, wadda shaƙarta na jawo sankarar huhu.

COMINAK kaɗai ta bar tan miliyan 20 na irin wannan taɓo, a jibge kan fili mai faɗin eka 120, a ƙasar da iskar hunturu ke kaɗawa wata da watanni. Tsarin gyaran da kamfanin ya sanar ya tanadi kuɗi miliyar 95 na sefa, da rufe tsibin da laka da dutse masu kaurin mita biyu, da toshe bakin ramin, da rushe masana'antar, cikin aikin kusan shekara goma, sa'an nan a ci gaba da sa ido. A lura: tsarin rushewa ne da binnewa. Abin da aka adana a Lewarde domin baƙo ya gani, a Akuta wajibi ne a binne shi. Saukar da baƙi cikin ramin ma ba zance ba ne, domin da zarar an kashe injunan da ke hura iska, radon ke cika shi.

Matsalar kuma ba a bayan shinge kaɗai take ba. Ƙungiyar Aghirin'man, wadda Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAÏR, ya jagoranta tun farkon shekarun 2000, ita ta fara jan hankali kan ƙarafan da ke fita daga ma'adinai zuwa kasuwa, inda maƙera ke mai da su tukwane da ƙofofi da kayan gini. A Disamba 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo ta yi awo, ta tabbatar da samun gurɓatattun ƙarafa a kasuwa da kuma uraniyom fiye da ƙima a wasu rijiyoyin sha. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sami wuraren da tururin ya yi yawa a titunan Akokan, inda aka yi ciko da dutsen ma'adini. Kamfanin ya musanta cewa lafiyar jama'a na cikin haɗari, amma ya bi tituna ya kwashe wuraren da aka nuna, kuma a 2011 aka kafa cibiyar lura da lafiyar tsofaffin ma'aikata ta jihar Agadas. Muhawara kan yawan cututtukan da aikin ya jawo ba ta mutu ba har yau. Fim ɗin Amina Weira, «La colère dans le vent» na 2016, ɗiyar wani tsohon ma'aikaci ce ta yi shi, kuma muryar mazauna garin ce ke ciki.

Ruwa ma abin dubawa ne. Ruwan sama a Arlit bai taka kara ya karya ba. Abin da ake sha daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ruwan da ya taru tun zamanin da Sahara ke da dausayi, wanda ba ya sabuntuwa. Ma'adinai sun ja shi shekara hamsin. Duk wani shiri na gaba, na lambu ne ko na masauki, daga wannan tulu guda zai sha.

5. Buɗe idon da aka taɓa yi

Kuskure ne a ɗauka Arlit bai san baƙon buɗe ido ba. A shekarun 1970 da 1980, shi ne gari na farko da matafiyi ke tararwa bayan ya ƙetare hamada daga Tamanrasset ta In Gezzam da Asamaka, kimanin kilomita 200 daga iyaka. Matasan Turai kan sayo tsofaffin motocin Peugeot, su keto Sahara, su sayar a Arlit ko Agadas, su biya kuɗin komawa da ribar. Makanikai da dillalai da masu masauki sun ci abinci da wannan ciniki. A Agadas kuwa, Mano Dayak da kamfaninsa Temet Voyages suka mai da sanin hamada sana'a: ɗan madugun da dā ke jan ayarin gishiri zuwa Bilma ya koma jagoran baƙi a mota. Tseren Paris-Dakar ya ƙara wa yankin suna.

Abin gani kuwa akwai shi, kuma ba a cikin garin yake ba. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, ba nisa da gudron, akwai zanen raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita biyar, waɗanda masana ke ba shekaru dubu shida ko fiye. A gabas akwai Iferwan, ƙofar gandun Abzin da Tenere mai faɗin eka miliyan 7,7, wanda aka kafa a 1988, ya shiga jerin UNESCO a 1991. Akwai lambunan Timiya, akwai bikin Abzin da ake yi a Iferwan, da bikin shan gishiri na Ingal, da Biyanu na Agadas. Tsohon birnin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai mita 27, ya shiga jerin UNESCO a 2013.

Sai dai wannan sana'a ta mutu sau uku cikin shekara ashirin. Tawayen farko, daga farkon shekarun 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, haɗe da yaƙin basasar Aljeriya, ya rufe hanyar arewa. Tun 1992 aka sa gandun Abzin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Mano Dayak kansa ya rasu a haɗarin jirgi cikin Disamba 1995. Jiragen haya daga Paris zuwa Agadas sun farfaɗo da harkar daga ƙarshen shekarun 1990, sai tawayen MNJ na 2007 zuwa 2009 ya sake kashe ta, ya kuma bar nakiyoyi a wasu hanyoyi. Na ukun a Arlit ya faru: daren 16 ga Satumba 2010 ƴan AQMI suka sace mutum bakwai, ma'aikatan Areva da Satom da matar ɗaya daga cikinsu, daga gidajensu, huɗu na ƙarshe ba a sako su ba sai Oktoba 2013. Ranar 23 ga Mayu 2013 kuma aka tayar da mota mai bam a masana'antar SOMAÏR. Direbobin da suka rasa baƙi suka koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya da Aljeriya, har dokar 2015 ta haramta aikin (an soke ta a Nuwamba 2023), wasu kuma suka nufi zinariyar Jado da Cibarakaten da aka gano a 2014. A 2025 ma an sace Turawa mata biyu a cikin birnin Agadas. Baƙo mai biyan kuɗin jirgi daga Turai ba ya zuwa inda ofishin jakadancinsa ya shafa wa jan fenti a taswira.

6. Me ya rage?

A ganinmu, wanda ya ce buɗe ido zai maye gurbin COMINAK bai yi lissafi ba. Ko da zaman lafiya ya dawo gobe, ribar za ta fi zuwa Agadas mai filin jirgi, da Iferwan da Timiya masu abin kallo. Arlit zango ne, wurin shan mai da gyaran taya. Hanyar uraniyom ɗin ma ta lalace ƙwarai a wurare da dama tsakanin Tawa da Arlit. Sa'an nan garin bai zama «tsohon» garin ma'adini ba tukuna. SOMAÏR na nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, ƙarfe ya kasa fita. A Yuni 2024 aka karɓe izinin Imuraren daga hannun Orano. A Disamba 2024 Orano ta ce kamfanin ya fita daga ikonta. A Yuni 2025 gwamnati ta mai da shi mallakar ƙasa, Orano kuma ta kai ƙara kotun sasanci ta duniya. A wannan jayayya, tambayar da ta fi shafar mutumin Akokan ita ce wa zai ci gaba da biyan kuɗin rufe tsibin taɓo da awon ruwa, ba shekara goma kaɗai ba, har bayan jikokinsa.

Amma akwai ɓangare ɗaya na darasin Lewarde da ya dace da mu, kuma ba ya bukatar baƙo daga Turai ko guda. Shi ne adana tarihin aikin. Mutanen da suka sauka ramin Akuta a 1978 sun tsufa, da yawa sun koma garuruwansu na kudu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Su suka san yadda aka yi aiki kafin a wajabta abin rufe hanci, su suka san yajin aiki da kafa sandika, da kalmomin da Hausar Arlit ta ƙirƙira ko ta aro daga Faransanci da Tamajak domin ta faɗi abin da ke cikin rami. Ɗaukar maganarsu a faifai, da harshensu, aiki ne da ɗalibai kaɗan za su iya yi, kuma jami'ar Agadas da aka kafa a 2014 tana kusa. Haka nan takardun kamfani, da hotuna, da taswirorin ramin: idan ba a nemi a bar kwafinsu a Nijar ba, mai bincike na gaba sai ya je Faransa neman tarihin garinsu.

Ɗaki guda a cikin tsofaffin gine-ginen Akokan, wanda aka auna aka tabbatar da tsabtarsa, ya isa a fara. Baƙinsa na farko ƴan makarantar garin ne, da ɗaliban makarantar ma'adinai ta EMAÏR da ke Agadas, da na EMIG a Yamai, waɗanda wasunsu za su yi aiki a Dasa ko Imuraren idan an buɗe su. Daga cikin abin da ya kamata a rataya a bangon ɗakin har da taswirar wuraren da aka binne taɓo da ƙarafa, da Hausa da Tamajak da Faransanci, domin mai haƙa rijiya ko mai ɗiban ƙasar gini ya san inda ba a taɓawa.